Iyayen Nomau

Kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, ba ta taɓa tatsuniya sai gero ya shiga rumbu, ɗari ya sauko. Da an yi sallar isha'i za ta tara karan gero a ƙofar ɗakinta ta hura wuta, ta binne gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take cewa "mai gidana", kuma ni take fara miƙa wa gyaɗar, ko da ta ƙone. Ƙauyenmu, Gidan Nomau, yana ƙasar Gangara, gidaje kaɗan ne da rijiya ɗaya mai zurfin da sai jaki ke jan guganta.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" haka take buɗewa. Mu ce, "Bar ta ta ƙaraso, Iya."

Akwai guda ɗaya da take yawan yi. Wai wata shekara ƙasa ta bushe, wata yarinya ta tafi neman ruwa wata tsohuwar rijiya cikin daji. Ta zura guga ta ji nauyi, ta ja da ƙyar, sai ga saurayi riƙe da igiyar, da hauya a kafaɗarsa. Ta ce, "Wane ne ubanka?" Ya nuna rijiya. Ta ce, "Uwarka fa?" Ya sake nuna rijiya. Ta ce to, ita ma ba ta da inda za ta koma. Suka nausa arewa, inda babu kowa sai zabi da barewa, suka sare daji suka shuka gero, mutane suka ga hayaƙi suka biyo su. Sunan saurayin Nomau.

Abin da ya dame ni, tun ban isa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba na san sunan uban Iya ke nan, kuma sunan garinmu. Ga shi duk lokacin da ta ɗauko wannan labari, Baba yakan tashi ya ce zai duba awaki, awakin da ya riga ya ɗaure. Yarinyar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Yau ɗiyar manomi ce, gobe ɗiyar mafarauci. Ran nan Iya ta ce ɗiyar maƙeri, ta yi tari, ta gyara ta ce manomi.

Na ce, "Iya, rijiya ba ta haihuwar mutum."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Mai gidana, ka taɓa leƙa ta ka ga ƙasanta?"

"To su wa suka haifi babanki?"

Ta tura ƙarshen karan cikin wuta ta ce, "Ta ƙare. Kowa ya nemi tabarmarsa." Ranar ba a raba sauran gyaɗar ba.

Iya ta rasu, Baba ya bi ta, na koma Tanout ina sana'ar gyaran babur, maganar ta kwanta. Sai da ɗiyata Ramatu ta samu manemi, yaro mai hankali daga Damagaram. Baffansa ya zo da ɗan rakiya muka zauna, ya yi ta gaisuwa, sannan ya ce, "Alhaji, kada ka ji komi, al'ada ce. Mun san ku jikokin Nomau ne. Shi Nomau ɗin, ɗan wane ne?" Na ce zan ba shi amsa. Na ga yadda ya kalli ɗan rakiyarsa.

Na fara da tsofaffin takardun lanho, wato haraji, na zamanin Nasara, waɗanda wani abokina ma'aikacin ofis ya taimaka na gani. Na tarar da sunan Nomau, da mace ɗaya da jaki. Ba a rubuta uba ba. Amma shekarun farko ba a Gangara ake karɓar kuɗinsa ba, ta hannun wani mai gari ne can kudu, wajen Ollelewa. Wannan ya yi daidai da abin da dattijai suka faɗa mini, cewa mutanen wancan zamani ba sa yin tsalle mai nisa. In gona ta gaji, sai ƙannen gida su matsa arewa tafiyar wuni, su gina rijiya, amma aure da biki da haraji suna komawa tsohon gari. Sai na hau babur na bi rijiyoyin ta baya, ina tambaya ƙauye bayan ƙauye.

A garin da na ƙare, aka kai ni wurin wani tsoho, Malam Barmo. Da na ambaci Nomau, ya daina jan tasbaha.

"Wa ya aiko ka? Gona ka zo nema?"

"Baba, wallahi suna kawai nake nema."

Bai yarda ba sai da na rantse masa a gaban mutum biyu cewa ba ni da da'awar ko taƙi ɗaya. Sannan ya ce kakansa da Nomau uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ubansu Maigari Kaɗaɗe, uwarsu Hajara. Nomau ya so ɗiyar maƙeran Buzaye da ke sauka bayan gari suna gyaran sirdin raƙuma, sunanta Tamu. Uban ya tara jama'a ya ce shi bai haifi wani Nomau ba. Washegari aka ga takalman Nomau a bakin rijiya, aka ce ya faɗa. "Amma babu wanda ya shiga nemansa," in ji tsohon, "don kowa ya san maƙeran ma sun tashi a daren."

Na dawo ina juya maganar. Ban gama yarda da Malam Barmo ba, don mai tsoron a raba masa gona zai so labarin da aka yafe ɗa. Amma na tuna tarin nan na Iya, da Baba da awakinsa.

Yanzu nake gane cewa ba ƙarya Iya take mana ba. Tamu uwarta ce. Mutanen da suka ce ba su haifi ubanta ba saboda uwarta, ita ma ta ƙi ba su wuri a bakinta, ta kuma hana mu tashi da jin cewa akwai ƙofar da aka taɓa rufe mana.

Da baffan yaron ya dawo, na ce masa Nomau ɗan Maigari Kaɗaɗe ne. Fuskarsa ta washe, ya fara addu'a. Na ce, "Tsaya, Alhaji. Matarsa kuma Tamu ce, ɗiyar maƙeran Buzaye, ita ta haifi kakata." Bai tambaye ni wannan ba. Ya ce zai shawarci gida.

Sun ɗauki lokaci, har Ramatu ta daina cin abinci sosai, uwarta ta daina yi mini magana. Daga baya suka kawo goro. Da Ramatu ta haifi mace, mijinta ya ce in zaɓi sunan da za a riƙa kiranta da shi a gida. Na ce Tamu, na kuma faɗe shi da ƙarfi yadda duk dangin uban za su ji.