Yaɓen da ya tsaya iyakar hannun Baba

An kwana biyu da faruwar wannan abu, tun shekarar da korona ta shigo, amma sai yau na iya zama in rubuta shi.

Gidanmu yana tsohuwar unguwa a Tibiri, ba nisa da fada. Abin da ya sa aka san gidan shi ne zaurenmu. Kakana ya gina shi, mahaifina ya riƙe shi, don shi ma magini ne. Zaure ne na ƙasa zalla, rufinsa na baka, an jera azara a ciki kamar saƙar tabarma. Duk baƙon da ya zo ganin fada sai an biyo da shi ta wajenmu, kuma ni ne mai yin bayani. Karatuna bai yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, amma na iya ɗan faransancin da zai fisshe ni, na kuma iya tsayuwa kamar ni na ɗora azarar.

Farkon shekarar nan unguwa ta cika. Yau mota ta sauke ƴan lakol daga Maradi, jibi wata ta kawo ma'aikata daga Yamai. Abokina baduku, wanda rumfarsa ke kallon ƙofarmu, har takalmin ƙafarsa aka taɓa taya masa. Mahaifina kuwa yanar ido ta riga ta rufe masa gani, yakan zauna a kan buzu cikin zauren yana sauraron muryoyin baƙi. In sun tafi sai ya tambaye ni, "Mi suka ce?" In ce sun yaba. Ya yi murmushi.

Sai aka wayi gari an hana taro, an rufe lakol, motoci suka ɗauke ƙafa. Wurin da suke tsayawa ya zama makwancin awaki. Mai furar bakin hanya ta daina fitowa. Abokina yakan buɗe rumfa ya zauna yana korar ƙuda, in rana ta yi ya rufe.

Al'adar gidanmu, kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana yi wa zauren yaɓe, bango da rufi. A jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa, a hau sama a toshe tsaga, a gyara indararo. Da gayya ake yi, yini biyu an gama. A shekarar nan babu gayya. Ni kaɗai da tsani, aikin zai ci kamar sati biyu. Ba zan ce ba zan iya ba. Gaskiyar magana, fushi nake da zauren. Na ce a raina, wa zai zo ya gani?

"Kai, an jiƙa makuba?" in ji Baba.

"Gobe, Baba."

Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa. Da tambayar ta ishe ni, sai na yi abin da har yau in na tuna nake sunkuyar da kai. Na lura in Baba zai fita, bango yake bi da hannun dama, daga cikin gida har bakin ƙofa, inda yake alwala. Sai na kwaɓa ƙasa kaɗan, na yaɓe wurin da hannunsa ke bi, daga gwiwa zuwa saman kai. Kafin azahar na gama.

Da la'asar ya fito. Ya shafa bangon, ya tsaya, ya sake shafawa, ya kai yatsunsa hanci.

"Madalla. Sama fa?"

"An gama sama tun jiya, Baba."

"Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin. Abokina yana rumfarsa yana kallonmu. Da Baba ya shiga, ya tsallako ya ce, "Kai, wanga wane irin yaɓe ne? Zaure ya ɗaura zane, kai ba kallabi?" Na ce ya rufa mini asiri, zan hau sama cikin satin. Ya ce, "Ni ba ruwana, amma hadari ba makaho ba ne." Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayan an yi shuka abubuwa suka ɗan sassauta. Aka kira ni a salula, aka ce wasu baƙi za su zo daga Yamai. Ku ga ikon Allah, ni da na rasa ƙarfin yaɓe wata biyu, cikin yini biyu na shafe fuskar zauren da farar ƙasa, na sabunta zanen ƙofa. Da na hau tsani don in kai ƙarshen bango, idona ya faɗa kan rufin. Tsaga ce da hannu zai shiga, ciyawa ta tsiro a ciki, indararo ɗaya ya toshe. Na duba da kyau. Na sauko na ci gaba da farar ƙasata.

Baƙin suka zo su biyar, hanci a rufe, ba musabaha. Suka ɗauki hoto suka koma mota. Ranar unguwa ta ɗan yi rai, mai fura ma ta fito. Bayan su ba wanda ya sake zuwa.

Ruwan shekarar nan kowa ya san yadda ya yi yawa. Wata safiya Baba ya taka ƙasan zauren ya tsaya.

"Mi ya jiƙa nan?"

"Buta ce ta zube, Baba."

Ya ɗauke buzunsa ya matsa gefe.

Bayan kwana huɗu aka tashi da ruwa tun hantsi, bai ɗauke ba har bayan azahar. Ruwan ne ya tsare Baba a ɗakinsa. Muna cikin gida muka ji ƙara, ba mai ƙarfi sosai ba, kamar an sauke buhunan hatsi daga amalanke. Na fito na tarar rufin ya zauna a ƙasa, daidai inda yake shimfiɗa buzu.

Ya ce in kai shi. Na riƙe hannunsa muka tsaya a bakin tarin ƙasar. Ya durƙusa ya lalubo wani guntun rufi, ya murje shi, ya shinshina. Ya daɗe a haka.

"Wagga ƙasa ba ta ga makuba ba bana," ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

Sai ya juyo wajena ya yi tambaya.

"Ba kowa ciki?"

"Babu, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ku tsame azarar kada ta ruɓe."

Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje. Kowa na cewa ruwan bana bai bar gini ba, ga gidan wane ya faɗi, ga na wane. Baba yana amsawa, "Haka ne, ikon Allah." Bai faɗa wa kowa ba. Ni ma bai sake yi mini maganar ba. Ya ci gaba da kirana in kai shi masallaci, yana dafa kafaɗata kamar kullum.

Na yi ta jiran ya tayar da zancen don in nemi gafara. Na ce bari a gama girbi, bari hankalinsa ya kwanta. Da bazara ta zagayo ya kwanta ciwo na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu baƙi sun dawo unguwa, ana wucewa da su ta ƙofarmu ba a tsayawa, don zauren da ke wurin na bulo ne da kwano. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da na gane a makare shi ne, mutumin da ya rasa ido ya ba ka amanar ganinsa, ni kuwa da ita na yi masa dabara.

Ranar zaman makoki dattawan unguwa suka riƙa kama hannuna suna cewa, "Ka riƙe mahaifinka da gaskiya, Allah ya ba ka masu yi maka." Abokina yana zaune kusa da ni, kansa a ƙasa. Na amsa wa kowannensu da amin, har aka tashi.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Baba addu'a. Ni kuwa, addu'ar dattawan nan ce har yau nake jin tsoronta.