Yaron Da Aka Hana Kuka

A gidanmu na Gaithersburg, a Amurka, akwai wata wutar gas ta jin ɗumi a bangon falo, wadda Kaka, mahaifiyar Baba, ta raina ƙwarai. Wai wace irin wuta ce wannan da ko masara ba ta gasawa? Amma da sanyi ya shigo, bayan tuwon yamma, a gabanta take shimfiɗa zane ta tara mu, ni da wana Yakubu.

Baba yana da ka'idar duka. Ɗakin ƙasa yake kai mutum, ya kunna injin wanki, ya naɗe bel a hannu. Doka ɗaya ce: ban da kuka, kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Ka yi ihu, a ƙara maka. Ni dai raguwa ce, tun kafin a taɓa ni nake kwarmato. Yakubu kuwa ya ƙware, sai ya ciji wuyan rigarsa.

Wata yamma ya hauro leɓensa a fashe, bayansa duk shatin bel. Kaka ta dube shi, ta dubi Baba da ya zauna yana haki.

"Ga wata tatsuniya nan ta iso," in ji ta. "Ishaya ɗana, har da kai, buɗe kunne."

Wai wani maharbi ne ya tsani kukan ɗansa, don yana korar masa nama. Kullum ya zane shi da tsirkiyar baka, jini na zuba, har yaron ya daina ko tari. Maharbi ya shiga gari yana alfahari. Rannan kura ta faɗo bukka ta cafki ƙafar yaron. Ta ja shi ta gefen uban da ke gyaran kibiya a ƙofa, ya ba su baya. Yaro ya ciji leɓe kamar yadda aka koya masa. Ko da maharbi ya waiwayo, sai jini da takalmi ɗaya.

"Ta ƙare," in ji Kaka. "Kan kurar ma ba a samu ba."

"Mama, ke ma ai kin doke ni," in ji Baba.

"Na doke ka, amma ka yi kuka duk unguwa ta ji."

Wallahi na tsani tatsuniyar nan, don ta hana ni barci. Sai kwanan baya na gane ta, a zauren cocinmu a garin Laurel. Iyaye sun yi ca a kan maganar a hana su dukan yara, kowa na cewa an doke shi bai mutu ba. Baba ya miƙe da sandarsa, ya ce a dubi Yakubu, injiniya ne yau, bai taɓa mayar masa da magana ba. Aka yi ta tafa masa.

Gaskiya ya faɗa. Tun ranar da Yakubu ya bar gida, Baba bai sake jin muryarsa ba, ko a waya.