Taragon Baba Bitrus Bai Cika Ba

Duk wanda ya san Baba Bitrus, yayan mahaifina, ya san ba ya taɓa na'ura sai ya ƙwanƙwasa mata. Rediyo ne, fanka ce, har firjin maƙwabta, sai ya buga ƙwas-ƙwas, ya kara kunne, ya ce, "Akwai mutum?" Mu yi ta dariya, shi ko murmushi ba ya yi. Aikin buga wayar tangarahu ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan har ya yi ritaya, kuma ya sha rantsuwa cewa akwai ranakun da wayar ke buga kanta daga wajen Godogodo, da rana tsaka, ba kowa a can. Na taɓa tambayarsa me take cewa. Ya ce, "Ba da ni take magana ba, Ayuba." Tun ranar ba na bi ta ƙarƙashin waya sai da addu'a.

Kun san 'yarsa Rifkatu, nas ɗin nan da ke Ingila, ta yi aure a can ba da izininsa ba. In ta bugo tarho ya ji muryarta, sai ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Shi ne ta aiko da kwamfuta 'yar gwanjo, ta ce in baki ya ƙi, hannu ya gwada.

Malam Sani mai gyara ya zo daga Jos don ya haɗa mana imel. Yana buɗe furogiram ɗin, sai ga sunan wani Bature a sama, da tsofaffin saƙonninsa jere.

"Bari in goge wannan," in ji Malam Sani.

"Ka tambaye shi?"

"Haba Baba, kayan gwanjo ne fa. Mai shi ƙila ma ya mutu."

"Ka ji! Mamaci za ka kora daga ɗakinsa? A gidana?"

Dole ya bar Baturen, ya buɗe wa Baba nasa ɗakin a gefe. Daga nan kullum da safe sai Baba ya yaye bargon da ya lulluɓe kwamfutar, ya ce, "Maƙwabci, ka tashi lafiya?" Ya tsaya jim yana saurare. Tsayuwar nan ce ke tayar mini da tsikar jiki, don wani lokaci har gyaɗa kai yake yi.

Ni aka koya wa haɗa ta da layi, ni da karatuna ya tsaya a firamare. In na danna, sai ta kira Kaduna ta tarho da wani irin kuka, kamar akuyar da ta faɗa rijiya. Baba ya cire hula har ta yi shiru. A kiran farko saƙon Rifkatu ya shigo: ta haifi mace, kuma ba za ta sa mata suna ba sai wanda Baba ya bayar.

Kai jama'a! Jaririya ba suna! Abinci ya daina shiga cikina. Baba kuwa ya zauna da yatsa ɗaya yana rubuta mata faɗa, yau ɗaya, gobe ɗaya, yana tarawa bai aika ba. Sai can wata rana ya yi tsaki, ya rubuta, ya karanta mini da ƙarfi: "Hannatu. Sunan mamarki ne. Na yafe."

Na miƙa hannu zan aika, ya make ni.

"Kiran Kaduna za ka yi don fasinja nawa? Tarago bai cika ba!"

"Baba, yarinya tana can ana ce mata Baƙuwa."

"Baƙuwa ba ta ciwo. Jirgi yana da doka."

Na roƙa, na kawo fasto ya roƙa. Baba ya ce fasto bai taɓa tayar da jirgi ba. Muna cikin haka ruwa ya kayar da mangwaro a kan layin unguwarmu. Ba a gyara ba har ranar Asabar ɗin da na same shi a kujerarsa gaban kwamfuta, hula a gwiwa, ya riga ya tafi.

Rifkatu ba ta samu zuwa biso ba, ga jego. Na je cikin gari na buga mata, na faɗa mata sunan, na ce ya yafe.

"Ayuba, na san ka. Don ka sanyaya mini rai kake faɗa."

"Allah ya sani, a gabana ya rubuta!"

"To in gani daga hannunsa."

'Yar Baba ke nan, ba ta bar komai ba.

Da aka gyara layi, kwamfuta ta ƙi. Malam Sani ya dawo, ya ce lambar Kaduna ta canja, furogiram ɗin kuma ya rikice, mafi sauƙi a goge shi a sa sabo. Na ce saƙonnin fa? Ya ce sun tafi ke nan. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na rungume akwatin ba. Ya dube ni, ya yi dariya, ya bi abin a hankali yana gyara lamba da suna har la'asar. Ya danna. Kukan nan ya cika ɗakin, ga kujerar Baba ba kowa. Saƙo ɗaya ya fita. Malam Sani ya matsa kusa da gilashi, dariyar ta ɗauke.

"Wannan ba namu ba ne. Na Baturen ne. Ya daɗe yana jira."

Ya yi a'uziyya, ya ɗauki jakarsa, ko kunun da na kawo masa bai sha ba. Har yau ina tunanin wanda ya karɓi saƙon nan, da halin da ya shiga.

Na Baba suka fara bi, amma layin ba ƙarfi, ɗaya ya wuce sai ya yanke sai gobe. Haka mutumin da muka binne ya yi ta yi wa 'yarsa faɗa kullum. Agogon kwamfutar kuma ya lalace, kowane saƙo ya isa da kwanan wata na tun mamarta tana da rai.

Rifkatu ta bugo: "Ayuba, yau Baba ya ce mijina ba shi da wuya, kansa a kafaɗa yake zaune. A hoto fa kawai ya gan shi!"

Na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan. Kowace safiya ina dannawa ina addu'a kada abin ya mutu da na ƙarshen a ciki.

Ranar da ya wuce, tarho ya yi ƙara da yamma. Na ɗauka, ba a yi magana ba, sai kukan jaririya. Can na ji Rifkatu, ba da ni take ba: "Yi shiru, Hannatu. Yi shiru, ga kawunki."

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus da taurin kansa duka. Ka ba shi hutu kusa da matarsa, ka raya mana Hannatu ƙarama. Amin.