Lalon Ummu Jirjis

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da maiɗakina, muka nufi filin jirgin Kano. Ita likitan ido za ta gani a Alƙahira, ni ɗan rakiya ne. Amma a ƙasan jakata akwai ƙullin busasshen lalo cikin leda uku. Ma'aikacin da ya binciki kayanmu ya shinshina ya ce, "Malam, har Masar za ka kai miya?" Na ce masa saƙo ne, ya shekara ashirin bai isa ba.

Ga asalin saƙon. Ina ɗalibi a Alƙahira, duk Alhamis nakan je unguwar Ma'adi koya wa 'ya'yan wani ma'aikacin ofishin jakadanci karatun Alƙur'ani. A hanyata ta zuwa tashar jirgin ƙasa na metro akwai wani ƙaramin gidan abinci, irin na mutanen bakin teku, kifi da zaitun da gurasa. Wata rana na hango koriyar miya mai yauƙi a gaban wani, ban san lokacin da na ce "Lalo!" da ƙarfi ba. Wata takwas rabona da miyar gida. Mai wurin, wata Kirista 'yar Iskandariyya da ake kira Ummu Jirjis, ta ce su mulukiya suke ce mata, in shigo in ɗanɗana. Na sa ƙafa ɗaya, na ga kwalaben giya jere a bayan kanta, na ja da baya. Ba ta ji haushi ba. Da kanta ta ɗauko tebur ta ajiye mini a waje, gindin wata bishiya. Tun ranar sunana a bakinta Lalo, har ta koyi tuƙa mini shinkafa ta yi kamar tuwo. Takan ce in na je gida in kawo mata lalonmu a ga na wa ya fi. Sai rashin lafiyar mahaifina ta taso, na bar ƙasar cikin kwana biyu, ko sallama ban yi mata ba. Abin ya daɗe yana cin raina.

Alƙahira ta tarbe mu da hon ɗin motocinta da na sani, sai dai gadoji sun yi yawa har na daina gane gabas. A Giza muka sauka. Larabcin da nake taƙama da shi a gida ya yi tsatsa, direban tasi ya saurare ni ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Kwana uku muna zaryar asibiti. A na huɗu likita ya ce tamam, ido lafiya lau, sai na ce wa maiɗakina yau ita ce 'yar rakiya.

Bayan azahar muka shiga metro. Kuɗin tikiti ya sa na sake tambaya, don a zamaninmu da shi sai ka ci ka ƙoshi. Maiɗakina ta shige taragon mata, ni na tsaya cikin maza ina ƙirga tashoshi. Ma'adi tana nan da inuwarta da shirunta, Turawa na jan karnuka, masu gadi na shan shayi a bakin ƙofa. Sau biyu na wuce wurin ban gane shi ba. An yi masa fenti fari da shuɗi, an sa gilashi, kantar giya ta koma can ciki da fitilu. Bishiyar ce ta tsayar da ni. Tebur ɗaya na nan a gindinta.

Wani mai furfura a gemu ya fito da takardar abinci. Jirjis ne, ɗan Ummu Jirjis, wanda na bari yana jami'a. Na tambaye shi mahaifiyarsa. Ya ce shekara biyu ke nan da rasuwarta. Na zauna a teburin ba tare da an ce in zauna ba. Ya ƙura mini ido ya ce, "Lalo? Kai ne Lalo?" Ya ce ta hana a ɗauke teburin nan ko da aka gyara wurin. Takan ce yaron ba ya shiga ciki, in ya dawo ina zai zauna?

Na fiddo ƙullin na miƙa masa, na faɗa masa dalilin tafiyata, na ce ya yafe mini a madadinta. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya Lalo. Ta san ba lafiya ba. Ta ce mai cin abinci irin naka ba ya gudu haka kawai." Ya shige da lalon wajen matarsa, wadda ita ke riƙe da kicin yanzu.

Aka fara jera mana ƙananan faranta: zaitun, gasasshen gauta da aka kirɓa da man riɗi, gurasa mai zafi, kifi da lemon tsami. Maiɗakina ta ce duk wannan ai maƙwabtan abinci ne, ina shi abincin? Muna cikin haka sai muka ji wata mace a kicin ta ja numfashi da ƙarfi, kamar wadda tafasasshen mai ya zubo wa. Kafin in buɗe baki maiɗakina ta miƙe tana salati, ta ratsa ta gaban kantar giyar a guje. Al'adarsu ce, in za a juye soyayyar tafarnuwa cikin mulukiya sai mai girki ta yi wannan shessheƙa, wai in ba haka ba miyar ba za ta yi daɗi ba. Ni ma haka na faɗa kicin ɗin nan shekara ashirin da suka wuce ina innalillahi, Ummu Jirjis ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe dai ina iya shigowa. Jirjis ya tuna. Muka yi ta dariya ni da shi, tawa ta koma hawaye.

Kwano biyu aka kawo, nasu da namu, da shinkafa tuƙaƙƙiya. Jirjis ya ɗanɗana namu ya ce, "Da Mama na nan cewa za ta yi na Masar ya fi, sannan ta ƙara cokali a naku."

Mun dawo Zariya lafiya, ido ya warke. Abin da na koyo ba shi da yawa: in mutum ya yi maka alheri, ka je ka yi masa sallama ko jirgi na jiranka, don ba kowa ne zai bar maka tebur ba. Jiya ina alwala na ji maiɗakina ta ja wannan numfashin a kan tukunyar lalo. Yara suka ruga kicin a tsorace. Ni kuwa dariya ta hana ni tashi daga gaban buta.