Kashin Jemagu a Ajin Siminti

Shekarar da 'yata ta koma ajin siminti a lakwal ɗin unguwarmu a Magariya, har alewa na raba wa yaran maƙwabta. Kafin nan a ajin zana take, rumfar da awaki ke ci ta gefe. Wata bai ƙare ba fuka ta taso mata. Sai ta zauna ta dafa gwiwa tana neman numfashi, ƙirji na kuka kamar ɗan kyanwa, ni kuma ina tsaye ba abin da zan iya.

Kowa da iliminsa. Surukata ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Aka yi, yarinya ta kusa sheƙawa. Maigidana ya ce in lakwal ce ke jawo wannan, a cire ta, ba kanta farau ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai, don yarinyar akwai son karatu.

A gidan likita, bayan an ba mu maganin fesawa a baki, mai jinyar ta tambaye ni yaushe ciwon ke lafawa. Na yi tunani. Asabar da Lahadi lafiya lau. Lokacin hutu da ta je Bande wurin kakarta, ko tari ba ta yi ba. Matar ta ce, "To, je ki ga inda take yini."

Na je da sassafe, kafin a buga ƙararrawa. Tun daga bakin ƙofa wani zarni ya buge ni, sai da na toshe hanci da gyale. Katakon da aka rufe saman ajin da shi, ƙarƙashin kwano, ya yi ciki, ya yi baƙi, fitsarin jemagu ya zana taswira a jikinsa. Ta tsagogin kashinsu ke zubowa a kan bencina kamar baƙar shinkafa. A kusurwa ga buhunan wake da wani ya ajiye tun kaka, ɓeraye sun fasa, kyankyasai na shawagi. Tagogi a rufe ruf, wai don ɓarayi. Tir! Ko akuyata ba zan ɗaure a nan ba.

Tsakiyar ƙurar, wa zan gani? 'Yata, a duƙe da tsintsiya, ita kaɗai.

Na daka mata tsawa ta yar. Malamarsu ta iso da fara'arta, ta ce, "Inna, ai tausaya mata na yi. Tunda ba ta da lafiya, na hana ta ɗibar ruwa da guje-guje a rana. Shara kawai take yi, sai goge allo."

Da zuciya ɗaya ta yi, shi ya fi ba ni takaici.

Na sami darakta, shugaban lakwal ɗin. Ya saurare ni yana duba wayarsa, ya ce ajin nan shi ake nuna wa baƙi, ba za a ɓalle rufinsa don yarinya guda ba. Na ce to a maida ta ajin zana. Ya ce can ai na ƙasa da ita ne, sai dai ta maimaita shekara. Na ce ta maimaita.

A rumfar da nake rainawa, inda iska ke shiga ta ko'ina, ƙirjinta ya saki. Ubanta bai sake zancen cire ta ba. Rufin kuwa yana nan. Da aka ce baƙi za su zo daga Damagaram, farin fenti aka shafa masa, jemagu na ciki, 'ya'yan mutane na ƙasa suna shaƙa.

Amma ranar farko da ta koma rumfar ba ta fita raina. Na rako ta, ƙawayenta na leƙowa ta ƙofar ajin siminti suna dariya. Ta riƙe bakin zanena gam, ido ya cika da hawaye, ta ce, "Inna, ni ce fa na zo ta biyu. Me na yi aka maido ni baya?"

Na gyara mata ɗankwali, na tura ta ciki. Har yau ban ba ta amsa ba.