Bututun Man Motar Baffa Sani

A gidanmu, cikin wani ƙaramin gari tsakanin Bukkuyum da Gummi, ba a hura wuta don hira kawai. Wutar da muke zagayewa ita ce ta tukunyar da Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu, take gumin shinkafa idan an yi girbin fadama. Tun la'asar take ɗora ta, ba ta saukewa sai bayan magariba. Mu jikoki kuwa, da mun cinye tuwo sai mu jawo tabarma mu zauna inda tururi ke busowa, muna jiran ta buɗe baki. Ni take kira maigida, ta ce ko gishiri ban taɓa kawo mata ba amma kullum ni ne a gaban murhu.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai labari guda da ba ta bayarwa sai ranar da Mamman ya zo. Mamman manomi ne daga wata tunga ta bakin gulbi, yana jan ƙafar dama, kuma duk girbi sai ya kawo mata buhun shinkafa a kan jaki. Ba ya shiga cikin gida. A zaure yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa daga bayan ƙofa, ya tashi ya tafi. A irin wannan ranar ba ta tsokanar kowa. Sai ta janye itace daga murhu har wutar ta kwanta, ta ce mu matsa baya kaɗan, sannan ta fara.

Kowa a gidan ya san labarin ɗanta ne, Baffa Sani, ƙanen babanmu, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Amma ita ba ta taɓa kiran sunansa a ciki ba. Wani direba take cewa.

Wai direban yana da tsohuwar a-kori-kura, yana ɗaukar shinkafa da busasshen kifi zuwa kasuwannin Gummi da Anka. Wata rana ya fara jin warin fetur a cikin mota. Ya ɗaga murfin inji, ya ga mai yana tsattsafowa daga inda bututun ƙarfe ke shiga kafireta, wato abin da ke gauraya mai da iska kafin inji ya sha. Kaka ba ta taɓa leƙa cikin inji ba a rayuwarta, amma tana bayanin wurin nan kamar da hannunta ta ƙera shi. Takan haɗa yatsunta ta buɗe su kaɗan, ta ce bakin bututun a buɗe yake kamar ƙaramin mazurari, akwai noti da ke danna shi ya zauna daram a mazauninsa. In ya zauna daidai, ko ɗigo ba ya fita.

Direban ya sa sifana ya ƙara ɗaure notin, yoyon ya tsaya. Washegari yoyon ya dawo, direban ya sake ɗaurewa da ƙarfi. Bai sani ba, ƙarfin da ya sa ya tsaga bakin bututun, tsaga siririya kamar gashi. Da abin ya ƙi, sai ya kai motar wurin Ɗanjuma, bakaniken garinmu. Ɗanjuma ya kwance, ya ɗaga bututun a rana, ya nuna masa tsagar. Ya ce ɗauri ba zai ƙara amfani ba, sai an yanke bakin an buɗe sabo, kuma ƙarfen da yake buɗe baki da shi ya ba wani aro a Anka, sai gobe za a dawo da shi. Direban ya yarda. Ya bar motar a ƙarƙashin tsamiya, ya koma gida ya ci abinci.

A nan Kaka take daɗewa tana juya shinkafar da ba ta buƙatar juyi.

Bayan azahar aka shigo gari da wani manomi a kan amalanke, kububuwa ta sare shi a fadama. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini yana fita daga dasashinsa. Babu wata mota a garin sai wadda ke ƙarƙashin tsamiya. 'Yan'uwansa suka zo ƙofar gida suna roƙo. Direban ya je wurin Ɗanjuma, suka mayar da bututun yadda yake, suka naɗe shi da zare, suka shafe da sabulu. Ɗanjuma ya gaya masa gaskiya, ya ce zare da sabulu ba sa rufe tsagar da ke ciki, sai dai su ɓoye ta.

"Uwarshi ta tsaya ga ƙofa," in ji Kaka, cikin harshenmu na yamma, "ta ce mishi, kai ɗan nan, motag ga wari takai. Ya ce, Inna, mutum na mutuwa. To mi za ta ce?"

Sun yi nisa, har sun hango gadar da ke kafin Gummi, sai hayaƙi ya fara fitowa ta gefen murfin inji. Direban ya tsaya, ya ɗauko maras lafiyan da hannunsa ya kai shi nesa da hanya, ya kori 'yan'uwan manomin da suka rako shi daga kusa da motar. Da ya tsaya nan, da ya tsira. Amma motar ba tasa ba ce shi kaɗai, ita ce abincin gidan gaba ɗaya. Ya koma ya ɗaga murfin don ya watsa ƙasa. Wutar da ke kwance a ciki ta sami iska, ta tashi ta rufe shi. Wata babbar mota da ta biyo baya ta kwashe su biyun zuwa asibiti, aka kwantar da su ɗaki ɗaya. Manomin ya tashi da ƙafar dama a shanye. Direban bai tashi ba.

Sauran labarin shi ne ke hana mu barci. Kaka ta ce har yau direbobi kan ji warin fetur idan sun kusa gadar, ko da motarsu lafiya lau take. Wasu kuma sun ce sun ga mutum a tsaye gefen hanya da rana tsaka, ba ya neman a ɗauke shi, hannu kawai yake yi yana nuna murfin inji. Babanmu ba ya son wannan ɓangaren. Yakan ɗaga murya daga ɗakinsa ya ce mamaci ba ya dawowa, ta yi masa addu'a kawai. Ita kuma ta ce ta sani, ba ta ce shi ba ne, wataƙila mutanen ɓoye na wurin ne suka ga abin da ya faru suka kasa mantawa. Daga nan sai ta zuba ruwa a garwashin da kanta, ta taka shi da takalmi, ba ta barin kowa ya yi mata.

Da na girma sai aka kai ni koyon aiki wurin Ɗanjuma, lokacin ya tsufa. Shi ya gaya mini cewa bayan an yi sadakar Baffa, Kaka ta aika aka kira shi, ta sa ya kawo mata irin bututun, ya yi mata bayani tun daga farko, ta sa ya maimaita har ta haddace. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, kuma ya ce wannan ya fi masa zafi. A hannunsa na koyi yadda ake yanke bututu a miƙe, a goge bakin da magagari, a tuna a zura noti kafin a buɗe sabon baki. Na koyi a fara murɗa noti da yatsa don kada ya hau a karkace, a riƙe ɗaya ɓangaren da sifana ta biyu, a ɗaure har ya kama sannan a tsaya. Sai a tayar da inji, a goge wurin da farin tsumma, a duba, a sunsuna.

Ina yaro na ɗauka labarin gargaɗi ne a kan gaggawa. Yanzu da nake da gareji na kaina a Gummi, na gane ba haka ba ne. Kaka ba ta taɓa cewa direban ya yi kuskure da ya tafi ba. Da ya zauna, da wani gida ne ya yi makoki. Ina jin abin da take yi duk shekara shi ne bin hanyar nan daga farko, a hankali, tana neman wurin da abin zai iya juyawa, kuma ba ta samu ba har ta koma ga Allah.

Ni wuri ɗaya na samu, shi ne wancan gobe da aka ce a jira. Shi ya sa duk lokacin da aiki ya yi sauƙi nake zama in yanka bututu iri-iri, in buɗe musu baki, in rataye su a bango. Tsofaffin motoci masu kafireta ba su ƙare a yankinmu ba, su ne ke shiga ƙauyukan da sababbi ba sa shiga. Kuma yanzu gaggawar ta ƙaru, don babu direban da ke son yamma ta same shi a daji saboda 'yan bindiga.

Kwanakin baya wani direba ya tsaya a ƙofar garejina bayan la'asar, motarsa cike da mata da yara da za su Bukkuyum, tana zubar da mai a kan inji. Ya ce in ɗan ƙara masa ɗauri kawai, rana tana faɗuwa. Na ce a sauke kowa tukuna. Na ciro bututu daga bango, na gwada, ya yi daidai. Kafin matan su gama shan ruwa na ɗaura, na tayar da inji, tsumma ya fito a bushe.

"Malam, ka san da zuwana ne?" ya tambaye ni yana dariya.

Na ce masa ya tafi kawai, Allah ya kiyaye hanya. Suka shiga, ya ja mota. Na tsaya bakin titi da sifana a hannu ina sauraron ƙarar injin yana nisa, kuma ban koma ciki ba sai da na daina jin sa gaba ɗaya.