Rosalie Mai Duwatsu

A layin da ya gangara zuwa bakin Binuwai, a ƙasan garin Garwa, idan baƙo ya tambayi gidan Rosalie sai an ɗan yi tunani kafin a gane wadda yake nufi. Maƙwabta Maman Dimitri suke ce mata, da sunan ɗanta na fari. Masu sayen ƙosai da kunun gyaɗa a ƙofar gidanta kuwa Mai Duwatsu suka sani, kuma sunan ba ya ɓata mata rai.

A kan duwatsun wajen Mokolo aka haife ta, inda gona ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, hawa-hawa take kamar matakala, kowane hawa an tare shi da jerin duwatsu. Kafin damina mahaifinta yakan fito da duk 'ya'yansa, maza da mata, su gyara inda jerin ya zube. Ba siminti, ba laka. Babban dutse a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani, a bar wa ruwa 'yar kafar da zai tsiyaye a hankali. Tun tana shekara tara ta iya ɗaga dutse ta juya shi sau ɗaya ta san gefen da zai zauna.

Aure ne ya sauko da ita Garwa. Mijinta Léon direban babbar mota ne, yana kai albasa Ngawundere ya dawo da duk abin da ya samu. Ta zo ba ta jin Hausa, Fulatancinta ma na gaisuwa ne kawai. Wadda ta koya mata ita ce maƙwabciyarta Hajja Kaltumi, mai sayar da atamfa a cikin gida, wadda kakanta ya zo daga Kano fatauci ya zauna. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, gajeriya, ta samanta ake miƙa gishiri da garwashin wuta da labari. Hajja takan ce Hausar Rosalie ta kasuwa ce tsantsa, ta iya ciniki shekara biyu kafin ta iya yi wa mutum ta'aziyya.

A daminar 2012 kogi ya cika ya shigo unguwar. Da la'asar ne, Rosalie tana tsakiyar suya. Ta ji ana hayaniya daga ƙasan layi, ta leƙa, sai ta ga ruwa jawur yana tahowa ɗauke da takalma da kujerar wani. Ta goya ƙaramar 'yarta Joséphine, ta ja hannun Dimitri, ɗayan hannun kuma ta sunkuci kaskon suya da man a ciki. Iyakar abin da ta fita da shi ke nan. Buhun gero biyu, katifa, kayan sawa, littattafan lekol, wato makarantar boko, takardun haihuwar yaran, duk ruwa ya gama da su.

Mako uku suka yi a ajin wata makaranta tare da iyalin Hajja. Abin da ya fi ba ta wahala daga baya ba geron ba ne, takardun ne. Wata bakwai tana zirga-zirga kafin ta samu sababbi, har Dimitri ya kusa rasa jarrabawa. In tana ba da labarin, dariya take yi wa kanta. Takan ce takardun suna nan a ƙarƙashin filo, taku uku daga inda take tsaye, amma hannunta kasko ya sani.

Da suka koma gida ta ce wa Léon duk tafiyar da zai yi, in motar ba ta cika ba, ya tsaya a gindin dutse ya ɗoro mata guda goma. Ya ɗauka wasa take. Ya ce mutane suna roƙon direba ya taho musu da dankali ko zuma, shi matarsa duwatsu take so. Amma ya kawo. Da farko guda shida, yana ƙunƙuni. Daga baya shi da kansa ya fara zaɓen masu faɗi, yana dawowa yana yabon kayansa.

Rani guda ta yi tana jeri. In ta tashi daga suya da hantsi sai ta ɗaura zani ta hau aiki. Ta zagaye gindin gidan da jeri mai kai wa gwiwa, ta ɗaga dokin ƙofa har sai an taka mataki biyu kafin a shiga, ta fitar da 'yar hanyar ruwa daga tsakar gida zuwa kwatar layi. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani dattijo ya tambaye ta ko kogin Binuwai ne za ta tare da wannan.

Ta ce, "Baba, ba mai tare Binuwai sai Allah. Ni so nake in ya zo ya ɗan tsaya a ƙofa ya yi sallama, kafin nan na kwashe yarana."

Bayan duwatsu sai durom. Ta samo babban shuɗin durom na roba mai murfi da ke kullewa gam, ta zuba gero da wake da za su ci kwana goma, da gishiri, da sabulu, da ashana a cikin kwalba, da gidan sauro biyu, da 'yar kwalbar ruwan jabel na tsarkake ruwan sha. Takardu kuwa ta naɗe su a leda uku, ta sa a gwangwanin madara, ta rataye a ƙusa kusa da ƙofa inda hannu zai kai ko da gudu ake. Da wayoyi masu hoto suka yawaita, Dimitri ya ɗauki hoton kowace takarda ya tura wa ƙanwarta Agnès a Marwa. A bakin kwatar ƙasan layi kuma ta kafa turken ƙarfe ta shafa masa fenti a wuri uku. In ruwa ya taɓa zane na farko, a ɗaga kaya sama. Na biyu, tsofaffi da yara su tafi. Na uku, a kulle gida, ba waiwaye.

Duk farkon damina takan juye abincin durom ta zuba sabo. Tsohon kuwa a dafa shi rana ɗaya a raba wa maƙwabta. Yaran layin suka riƙa kiran ranar sallar durom, har suna tambaya yaushe za ta zo.

Hajja Kaltumi ta yarda da durom, ta yarda da gwangwani. Inda suka yi ta ja-in-ja shi ne lokacin da Rosalie ta ce a yi gwaji. Wato a ware rana, sama tas ba hadari, a yi kamar ruwa ya zo, a ga minti nawa za a ɗauka kafin a kai kan tudu. Hajja ta ce wannan ai kiran masifa ne, kuma me za ta ce wa mutane in sun gan ta tana gudun ruwan da babu? Rosalie ta bi ta da lallashi har mako biyu, ta saman katanga, har Hajja ta gaji ta amince.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. An aro amalanken turawa, wanda a nan ake ce wa pus-pus. Rosalie ta buga murfin tukunya alamar ruwa ya kai zane na biyu. Ita da 'ya'yanta suka fito cikin minti huɗu. Suka tsaya jiran gidan Hajja. Minti goma, shiru. Minti ashirin, sai ƙarar kwanuka. Da suka leƙa sai suka tarar Hajja ta cika pus-pus taf da kwanukan jerenta na aure da turamen atamfa, tana ƙoƙarin ɗora agogon bango a sama. A gefe kuwa ga surukarta Inna Zainabu, tsohuwa mai shekara tamanin da ba ta iya tafiya mai nisa, zaune kan tabarma da carbinta tana kallo.

Inna Zainabu ta ce, "Kaltumi, ni a cikin wane kwano za ki sa ni?"

Hajja ta tsaya da agogo a hannu. Sai ta zauna a bakin amalanken ta yi ta dariya har da hawaye, kowa ya taya ta. A makon nan ta kira kafinta ya kafa mata katako mai faɗi a ƙarƙashin rufin ɗaki, inda atamfa da kwanuka za su hau su zauna duk damina. Pus-pus kuwa aka ce na Inna ne, aka saya mata nata, aka shimfiɗa masa 'yar katifa. Aka kuma je tun da wuri wajen Parfait, abokin Léon da ke da gida a kan tudu, ya ce duk ranar da ta kama, rumfarsa da ɗaki ɗaya nasu ne, ba sai an tambaye shi ba.

Damina shida suka wuce ba a buƙaci ko ɗaya daga ciki ba. Sau biyu ruwa ya taɓa zane na farko ya koma. Mutane suka ci gaba da tsokana, ita kuma ta ci gaba da juye durom.

A ta bakwai, cikin watan Satumba, aka kwana uku ana ruwa, rediyo kuma ya ce kogi yana hawa. Léon yana Ngawundere. Da safe Rosalie ta je ta duba turke, ta dawo ta ce a ɗaga kaya. Kafin azahar ruwa ya kai zane na biyu. Ta buga murfin tukunya, wannan karon da gaske. Ba wanda ya yi ihu. Dimitri, wanda a lokacin ya zama saurayi mai gemu, ya ɗauki Inna Zainabu cak ya ɗora a amalankenta, butarta a cinya, lema a hannu. Tsohuwa ta bi layi tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, tana ce wa masu tsaye a ƙofa su bar kallonta su je su kwashe nasu. Gidaje da dama a ranar ganin Inna a hanya ne ya sa suka tashi da wuri.

Rosalie ce ta fita ƙarshe. Ta kashe wutar lantarki daga mita, ta sauke gwangwani daga ƙusa, ta kwance akuyoyi biyu, aka mirgina durom zuwa hanya. Agwaginta ne kawai suka ƙi bin ta. Sun ga ruwa a tsakar gida sun shiga wanka, ta bar su.

Sai da suka natsu a gidan Parfait aka gane an manta maganin hawan jinin Inna a kan taga. Hajja ta miƙe za ta koma. Rosalie ta riƙe mata mayafi.

Ta ce, "Hajja, ruwa ya wuce zane na uku. Magani akwai shi a asibiti, ke kuwa ba a sayar da irinki."

Hajja ta zauna tana faɗa, amma ta zauna. Dimitri ya hau babur ya samo wani kafin la'asar. Tun daga ranar, maganin tsohuwa na mako guda ya samu wuri a cikin gwangwanin takardu.

Kwana tara suka yi a can. Suka ci geronsu da wakensu, suka ɗiga jabel a ruwan sha, ba wanda ya yi ko ciwon ciki. Hajja ta koya wa matar Parfait dambu, ita kuma ta koya mata miyar ganyen rogo. Léon ya iso a kwana na uku hankali tashe, ya tarar da su a rumfa ana ɓarar gyaɗa ana gardamar wanda ya fi munshari.

Da ruwa ya janye suka koma. Ya haura jerin duwatsun, ya shiga ɗakuna, amma iyakarsa idon sawu, alhali a gidajen da ke gefe ya kai cinya. Bangon gidan bai tsage ba. Atamfar Hajja ko turmi ɗaya bai jiƙe ba. Agwagi suna kan rufin kicin, sun yi ƙiba. Kwana biyu ana kwasar laka ana wanke ƙasa da sabulu, a na uku Rosalie ta hura wuta ta soya ƙosai.

Yanzu shekarunta hamsin da takwas, gwiwa ta fara ba ta matsala, ta bar ɗaukar dutse. Gidaje goma sha ɗaya a layin sun ɗaga dokin ƙofa, kuma duk wanda zai yi jeri sai ya aiko a kira ta. Takan zauna a kujera da sanda, tana nuna dutsen da aka ɗora a karkace, magini ya sauke yana gunaguni. Matan majami'arsu sun gayyace ta ta yi musu bayani, Hajja kuma ta kai ta islamiyyar mata, inda ta yi magana minti biyar, Hajja ta karɓe ta yi arba'in.

Léon ya ajiye tuƙi bara. Yana ta maganar su koma kan dutse su ƙare rayuwa a can, ita kuma ta ce ba inda za ta, wa zai saya mata ƙosai a Mokolo inda kowace mace ta iya nata? Sun daidaita a kan zuwa kowace Kirsimeti su yi wata guda. Kafin nan, ya lura lakar da ruwa ya bari a bayan gida baƙa ce mai kyau, sai ya shuka yakuwa da kuɓewa a wurin. Bana sun yi yawa har an rasa yadda za a yi da su. Hajja tana shanya rabi a kan rufinta, sauran kuma Léon yana zama da su a tire kusa da kaskon matarsa, yana koyon ciniki, tana gyara masa Hausa.